Cefanen Takarda a Ohayo

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A kasuwa, a gidan suna, har a layin asibiti, tambayar ɗaya ce: "Hajiya, yaya Amurka?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura duk wadda na ba wa, in ta kai gaba sai ta ƙara masa gishiri. Makon jiya a nan unguwar Yalwawa ta Dutse na ji ana cewa wai gwamnatin can tana bin gida gida tana raba tumatir kyauta, kuma wai ni na faɗa. Shi ya sa na zauna in rubuta da hannuna. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma ya ishe ni faɗin abin da na gani.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata kayan gwari. Da faranti ɗaya na tattasai na fara a zauren gida, bayan rasuwar maigidana. Yau ina sayen tumatir da attaruhu da albasa tun suna gona a fadamun Ringim, in loda mota zuwa Kano da Kudu.

Abin da ya kai ni kuwa haihuwa ce. 'Yata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, Uwani ake ce mata a gida, tana can da mijinta Malam Habu, mutumin Miga, da ke karatu mai zurfi a wata jami'a a jihar Ohayo. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, amma ba halin ta zo, sai ni in je in yi mata wankan jego. Wannan a daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a a jiharmu ne, lokacin kowa ya zama mai fatawa. Wasu suka ce mace ba ta irin wannan tafiya ba muharrami. Na je na sami limamin unguwarmu, ya ce lalura ce, kuma jirgi cike yake da mutane, in tafi. Na ce to, wanda ke da ja ya je ya same shi.

Biza a Legas ake nema. Madam Rifkatu, 'yar Filato da ke aiki a sakatariya, mai sayen albasa a wurina shekara da shekaru, ita ta raka ni. Tun daga Kano har Legas tana koya mini Turancin gaisuwa da na neman banɗaki. A tagar ofishin, Baturen ya tambaye ni ta bakin tafinta me zai tabbatar masa zan dawo. Na ce a gaya masa na zuba albasa a rumfa tun tana araha, bayan damina za ta yi tsada, kuma ba a haifi wanda zan bar wa sayar da ita ba. Ya yi dariya, ya karɓi fasfo. Madam Rifkatu ta ce duk takardun banki da muka ɗauko bai ko buɗe su ba.

Da aka bugo waya cewa an sauka lafiya, an sami namiji, na haɗa kaya. Daga Kano jirgi ya kai mu Holan, can aka canja mana wani. Jirgi ba baƙona ba ne, na yi aikin Hajji. Abin da ya ba ni wuya famfon Holan ne. Na shiga in yi alwala, na nemi marikin na rasa, na murɗa nan na danna can, ba ruwa. Sai da na haƙura na kai hannu zan share shi, ruwa ya zubo da kansa ya jiƙa mini hannun riga. Abincin jirgi kuwa, ganye ɗanye ne da wani nama da ban san wanda ya yanka ba. Na sha shayi da burodi, na ci dabinona.

Kwastan ɗin Amurka ba sa tsawa, ba sa kuma neman na goro. Wannan ya fi tayar mini da hankali, domin ban san ta inda zan kama su ba. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, da rigarsa ta aiki, ya zo ya zauna daram a gefen bakkona. Aka kai ni gefe. Wani dogo ya sa safar hannu ya fara fito da kayan jego ɗaya bayan ɗaya. Da ya kwance ledar daddawa sai da ya ja baya. Kanwa ya daɗe yana juyawa yana kallona, na gutsura na jefa a baki a gabansa, ya mayar mini. Ya bar mini kuka da yaji da daddawar. Amma kilishi, da man shanu, da ɗanyen attaruhu, da geron kunu, da ganyen darbejiya na wanka, duk ya tura gefe. Na yi masa tayi da hannu, a raba biyu, ya ɗauki rabi ya bar mini rabi. Ya girgiza kai cikin ladabi, ya zuba su a kwandon shara a kan idona. Kilishin nan na musamman na sa aka yi. Da ci ya yi, da na yafe masa.

Malam Habu na jirana a waje. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, Turawa suna ratse mu suna waiwaye. Na ja mayafi na amsa. A mota, bayan ina gajiya da yaya mutanen gida, ba wanda ya sake cewa komai har muka isa.

Gidan na ɗalibai ne, a sama, ɗaki biyu da falo, bangon kamar kwali. Banɗaki ɗaya ne, kuma ƙofarsa tana kallon inda ake cin abinci. Duk wanda ya zana gidan nan bai san akwai wani abu wai shi suruki ba. In Malam yana falo ina ɗaki, in na fito ya shige. In zan ci abinci sai na rufe ƙofa. Da tari muke sanar da juna za mu wuce.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da na tarar a ɗaki shi ne damuwata. Yarinyar ta rame, wuya ya fito, idanu sun zurma. Jaririn ya kama nono ya saki ya tsala kuka, ya sake kamawa. Na leƙa kicin: taliyar leda, shinkafa, burodi, tumatirin gwangwani. Mai jego ke nan. Ta gaya mini malamar asibiti ta auna yaron ta ce ba ya ƙaruwa yadda ake so, in aka koma awo na gaba bai motsa ba za a ɗora shi a kan madarar gwangwani. Tana faɗa tana share ido da bakin zani.

Ba rowa ce da Malam ba, in faɗi gaskiya. Abin da makaranta ke ba shi kaɗan ne, yana haɗawa da wanke-wanke a ɗakin cin abincin ɗalibai, kuma ni da idona na ga sabon kwano a rufin gidan mahaifinsa a Miga. Na san inda rabin ke tafiya.

Na fara da wanka. Na cika duk tukwanen gidan na tafasa, na zaunar da ita a banɗaki, tunda ba ganye, sai na yi da tawul, ina tsomawa ina fyaɗa mata. Ban san ƙasan banɗakinsu ba ta da magudana ba. Muna tsaka da yi aka buga ƙofa kamar za a karya. Na buɗe, ga wata ƙatuwar mace baƙa tana zuba Turanci tana nuna ƙasa. Ta dube ni, ta dubi ɗaurin zanina da tawul yana tururi, sai ta fashe da dariya, ta juya harshe zuwa Hausa.

"Wankan jego? Mama, a bene? Ruwa yana zuba a kan gadona."

Wannan ita ce Asibi, 'yar zangon Kumasi, da ke zaune a ƙasanmu da mijinta da yara uku. Hausarta ta Gana ce, amma a ranar ta fi mini kiɗan kalangu daɗi. Ita ta nuna mini yadda ake yi a cikin kwamin wanka, a ja labule. Da na yi mata kukan abin da kwastan suka yi mini, ta ce in shirya ranar Asabar ta kai ni inda ake sayar da abin miya na gaske.

Kasuwar a filin ajiye motoci take ci, mako mako, daga safe zuwa azahar. Manoma ne da kansu suke zuwa da akori-kurarsu, kowa ya kafa rumfar tanti ya baje abin da ya cire a gonarsa. Tumatir, tattasai, albasa mai lawashi, kabeji, kabewa, ɗanyar masara, wani ganye mai kama da alayyahu. Na zaga ta kaf kafin in taɓa komai, kamar yadda nake yi a kowace kasuwa. Na nemi dillali, babu. Na nemi mai karɓar la'ada, babu. Na nemi mai sari irina, wanda zai tare kaya tun a bakin hanya, babu. Na ce wa Asibi, kasuwar nan an gina ta ne yadda ni ba zan sami wurin tsayawa ba.

A can ƙarshe muka sami wani tsoho mai jar hula, da kuɓewa a gabansa. Hannunsa na duba, duk kanta, farce da ƙasa. Manomi ɗaya ne ko'ina. Farashi a rubuce yake a allo, amma ni ban taɓa sayen abu ban taya ba. Na nuna kwandon, na ɗaga yatsu. Asibi ta mintsine ni.

"Mama, ba a yi a nan. Za ki sa a ce mun zo da rigima."

"Ki ce masa albarka kawai zai ce, ba faɗa ba ne."

Ta fassara, tsohon ya yi dariya har hularsa ta goce, bai rage ko sisi ba. Na biya da guzurina.

Da Asibi ta zo biyan nata, sai na ga ta fito da wasu takardu kamar cekin banki, ta sa hannu a ɗaya ta miƙa. Tsohon ya duba kayanta, ya ga ba su kai ba, ya ƙara mata tattasai da albasa har ya cike. Na ce, ashe suna gyara. Ta ce ba gyara ba ce, takardar ce ba a ba da canji a kanta, dole a cika ta da kaya.

Na ja ta inuwa na sa ta yi mini bayani dalla-dalla. Gwamnati ce ke ba mata masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara, in samun gidan bai kai wani mataki ba. A asibiti ake rajista. Akwai na kanti, na madara da ƙwai da wake. Akwai kuma waɗannan na kasuwar manoma, da damina kaɗai ake bayarwa, ba su da yawa, kuma in lokacinsu ya wuce sun mutu. Ba a sayen sabulu da su, ba a mayar da su kuɗi, sai ɗanyen kayan gona, kuma sai a hannun manomin da aka yi wa rajista, ga alamar nan rataye a rumfarsa. Shi kuma ya kai banki a biya shi.

Na ce ta tambayar mini tsohon ko yana jin haushin masu takarda. Ya ce masu kuɗi sai rana ta yi kyau suke fitowa, masu takarda ko ana ruwa suna zuwa, su ne suke sa ba ya komawa gida da kaya. Na tsaya na kalli masu miƙa takardar. Baƙaƙe, Turawa, 'yan Sin, wata ma da mota mai kyau. Ba mai sunkuyar da kai.

A raina na auna ta da namu. Mu in an ce tallafi, buhu ne, kuma buhu yana da ƙafa: daga sito zuwa sakatariya zuwa gidan mai unguwa, abin da zai isa hannun mai shi mudu ne. Nan kuwa takarda ɗaya ta ciyar da mai jego ta kuma sayar wa manomi kayansa. Ba na ce za ta yi aiki a Dutse yadda take ba. Kafin mako ya zagayo an buɗe kasuwar takardun, kuma na san ni za a fara kawo wa tayi. Amma dabarar ta burge ni.

Muna hanyar komawa Asibi ta ce, "Ai Uwani ma tana da su. Tare muka je rajista. Ban taɓa ganinta a kasuwa ba dai."

Da na tambayi yarinyar, ta ɗaga katifa ta fito da su, na kanti da na kasuwa, ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Malam ya ce kada in kai su ko'ina, Hajiya. Ya ce bai zo ƙasar mutane ya yi bara ba."

Za ku ce me ya hana in ci gaba da cefane da kuɗina. Na yi na 'yan kwanaki. Amma naira in an canja ta narkewa take, kuma ni baƙuwa ce, ana yin arba'in zan tafi. Abin da zai ci gaba bayan tafiyata nake nema. Ga shi duk ranar da Malam ya ga ledar cefanena a kicin ba ya iya cin abincin. In ce wa yarinya ta saɓa wa mijinta, ba zan yi ba. In zaunar da suruki in yi masa maganar abin da ke tukunyarsa, ba a yi. Da a gida ne, da na aika wa ƙanin mahaifinsa, magana ta bi hanyarta. A nan ba kowa.

Sai dai akwai mutum ɗaya a gidan da nake da ikon gaya wa duk abin da na ga dama. Jika mijin kakarsa ne.

Ranar Lahadi bayan la'asar, Malam yana teburin falo da littattafansa, ya ba ni baya. Maimakon in shige ɗaki, na zauna a kan darduma na ɗora yaron a cinya.

"Kai Maigida," na ce, "wane irin miji ne kai? Na baro kasuwata na biyo ka har nan, ko cefane ba ka taɓa yi mini ba. Kullum taliya. Kai ma ga ka nan kamar ɗan tsako."

Na ji takarda ta daina motsi a tebur.

"Kuma an ce mini kana da abin cefanen. Hukumar garinku ta ba ka, kai da uwarka, da sunanku a rubuce. Ba na kowa ba ne, naka ne. To me ya sa kake kwana a kansa? Wai bara ce? Kakanka na Miga, duk shekara da rawaninsa yake bin layin takin gwamnati a sakatariya. Ni na sha ganinsa. Wa ya taɓa cewa ya yi bara? Can an ba manomi taki, nan an ba shi mai saye. Tsohon da ke kasuwa jiranka yake, kuɓewarsa tana tsufa."

Yaron ya yi hamma. Na ce, "Yi hammarka. In aka sa maka gwangwani a baki, ni dai na sake miji."

Har na fara tunanin na wuce gona da iri. Sai Malam ya yi gyaran murya, bai juyo ba.

"Babana," ya ce, don sunan mahaifinsa aka sa wa yaron, "ka ce wa matarka, ba abincin nake ƙi ba. Mutanen Miga sun san ina Amurka. In labari ya je cewa gwamnati ke ciyar mini da iyali, da wane ido zan dube su?"

Na ce, "Maigida, ka ce wa mai saƙon, labari zai je. Ni zan kai shi, da bakina, yadda yake, kafin wani ya kai shi a karkace. Wanda duk ya yi dariya, in tambaye shi buhun taki nawa ya mayar wa gwamnati don kunya. Labarin da ba na so in kai shi ne na tarar da jikan Miga ba ya ƙoshi."

Malam ya miƙe. Ya tattara littattafansa ya fita masallaci. Kwanakin da suka biyo baya muka koma tarinmu, ba wanda ya tayar da zancen. Ni dai na riga na yi tayina, kuma na san ba a bin mai kaya da magana bayan an taya.

Ranar Asabar da safe ina shanya kayan jariri, na ji shi a bakin ƙofar ɗaki.

"Babana, ka ce wa matarka ta shirya. Kasuwa za ta tashi."

Muka tafi mu huɗu. Malam ya tsaya nesa da rumfar tsohon mai kuɓewa da farko, yaron a kafaɗa, takardun a aljihun gaba, yana duban ko akwai wanda ya san shi. Uwani ta fara zaɓen kuɓewa. Ban san lokacin da ya matso ba. Ya miƙa mata yaron, ya ɗauki ɗaya ya karya bakinta da babban yatsa, ta ƙi karyewa, ya ajiye. Ya ɗauki wata. Ɗan manomi ne, hannunsa bai manta ba. Tsohon ya tsaya yana kallonsa, ya tambaye shi wani abu, sai ga su sun shiga zance, Malam yana nuna masa da hannu tsayin da kuɓewa ke yi a Miga. Tsohon ya shiga bayan motarsa ya fito da wani kwando da bai baje ba, 'yan ƙanana masu taushi. Uwani ta sa hannu a takardar, Malam ya karɓa ya miƙa da kansa. Da aka zo cikewa, shi ya nuna kabewa. Ni ina gefe da mayafina, ban sa baki ba. Daga nan ya juya mota zuwa kanti, aka karɓo madara da ƙwai da wake. A hanya ya ce wa yaron, in matarsa za ta ba da labarin a gida, ta faɗi har da kwandon bayan mota.

Ranar na yi miyar ɗanyar kuɓewa da daddawar da ta tsira, na tuƙa tuwon garin masara. Washegari taushe. Na dama kunun kanwa da garin da Asibi ta samo mini, ga madara, ga ƙwai, ga wake da alayyahu. Ba zan ce muku tumatir ne ke kawo nono ba, ni ba likita ba ce. Na dai san mai jego in ta ci ta ƙoshi, hankalinta ya kwanta, jiki yana yin aikinsa.

Ana saura kwana kaɗan a koma awo, da hantsi, ina kicin ina yanka albasa, na lura gidan ya yi tsit. Ba kuka. Sai na ji muryar Uwani daga ɗaki, ƙasa ƙasa, don kada ta tashi yaron.

"Hajiya, zo ki gani. Ya sha har ya saki da kansa. Ga rigata duk ta jiƙe."

'Yar fari ce, ba zan je in tsaya a kanta ina murna ba. Na goge idona, na ce albasar nan tana da ƙarfi.

"Ki sake riga," na ce, "ki cinye abin da ke kwanon nan kafin ya huce."